Ranar da Na Yi wa Murjanin Madam Ban Ruwa

Duk wanda ya san ni ya san ba na cika baki, gaskiya ce kawai nake faɗa da ƙarfi. Daga Hunkuyi zuwa Makarfi, ka zarce har Ikara, babu injin ban ruwan da ya taɓa jin muryar Haladu Mai Inji ya ƙi tashi. Akwai wanda daga kan babur na daka masa tsawa, ya kama aiki kafin in sauko. A Furana na taɓa sa ruwa ya hau tudu, mai lambun ya riƙe baki yana salati har tumatirinsa ya ƙoshi. Saboda haka ranar da na ce a majalisarmu in dai ruwa ne, ko na teku ne, a tafin hannuna yake, babu wanda ya musa. Wasu sun yarda ne, wasu kuma bakinsu cike yake da rake.

To tun da na dawo daga Kwatano an hana ni sakat. A masallaci, a kasuwa, har a wajen jana'iza sai wani ya matso ya ce, "Mai Inji, yaya ka baro teku?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura kullum labarin ƙara tsawo yake a bakina, shekaranjiya har jirgin ruwa ya shigo ciki, alhali ban hau ko kwalekwale ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi tun yana kama da abin da ya faru.

Yarinyar nan tawa ta fari, kun san ba na kiran sunanta, ita ke aure a can. Mijinta Nasiru ɗan Saulawa ne, ya koyi aikin wuta da na famfo a Zariya, neman abinci ya kai shi Kwatano, yana aiki a wani otal kusa da teku. Ta sake haihuwa, uwarta Asabe za ta je ta yi mata wankan jego. Asabe ba ta taɓa wuce Kaduna ba, sai na ce ba zan bari ta ɓata a duniya ba, ni zan raka ta. Ni ma dai iyakata Abuja, amma wannan ba maganar da ake gaya wa mace ba ce a bakin mota.

Kayan da Asabe ta haɗa, da ka gani ka ce garin da za mu ba a taɓa dafa miya ba. Kuka, kuɓewa, kauɗar tumatir, man shanu, gero, kanwa, da daddawa mai ƙarfin da ko a Kudan ba kowa ke iya zama kusa da ita ba. Ni kuma na ƙara da damin rake, don surukina ya tuna gida. Yaran mota a Zariya suka dubi kayan, suka dube ni, ɗaya ya ce, "Baba, ƙaura ce?" Na ce masa ziyara ce, in ƙaura ce da ya ga awaki.

Wanda Allah ya haɗa ni kujera da shi wani ɗan kasuwar albasa ne, mutumin kirki, sai dai tun daga Kaduna ya mai da kafaɗata matashi. Duk inda mota ta faɗa rami ya farka ya ce, "Mun zo ina?" Kafin in ba shi amsa ya koma. Bayan mun haye gadar Jebba aka tsaya cin abinci, na ce bari in nuna wa Asabe ni mutumin duniya ne. Na sa aka zubo mini tuwon nan na mutanen wurin baƙi mai santsi, da miya ja. Loma ta farko ta wuce ba ta jira izinina ba. Ta biyu kuwa barkono ya kama ni tun daga harshe har bayan kunne. Ina hawaye ina ce wa Asabe, "Daɗi, wallahi daɗi." Ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sha, Malam, kafin daɗin ya kai ka asibiti."

Legas kuma, jama'a, ba gari ba ne, gudu ne aka yi wa rufin kwano. Na tare wani bawan Allah don ya nuna mana inda ake hawa motar Badagiri. Na fara kamar yadda aka koya mana: sallama, ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Kafin in kai kan iyali mutumin ya tsallaka titi, ina jin ma ya isa ofis ya sha shayi. Na tsaya ina wa iska gaisuwa. Asabe ce ta hango wata mai fura a gefen gada, ta je suka yi ƙus-ƙus, ta dawo ta ce, "Biyo ni." Na bi ta, amma ina ɗan gaba-gaba, don kada mutane su fahimta.

A bakin iyaka ta Seme na yi abin kunyata na farko. Tun daga gida an cika mini kunne da labarin masu yankan aljihu, sai na yi dabara: na naɗe fasfo ɗinmu da katin allura a leda, na cusa su can tsakiyar ƙullin daddawa. Na ce duk ɓarawon da ya kai nan ya cancanci abin da ya samu. Ban yi lissafin cewa ni ma sai na kai nan ba. Layi ya zo kanmu, jami'i ya miƙo hannu, na durƙusa ina kwance buhu, jama'a a bayana suna tsaki da yaruka iri-iri. Da na ciro fasfon na miƙa, mutumin ya buɗe, ya ja da baya, ya riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Ban taɓa ganin an buga hatimi da sauri irin haka ba. Har yau in na buɗe akwatina, fasfon nan miya yake nema.

Kwatano garin 'yan acaɓa ne, duk da riga ruwan ɗorawa, sun fi farar da ta sauka a gonar gero yawa. Mata ma tuƙa babur suke, da goyo a baya da tire a gaba, ba wanda ke juyowa ya kalle su sai ni. Man fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar zuma. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, in kare ya biyo ka za ka iya kare kanka da shi, in ya tafi ka ci. Da rana ta take wasu shaguna sai su rufe, wai an tafi hutawa. Na ce wa Asabe a Makarfi in ka rufe shago da tsakar rana, kafin la'asar an fara zuwa gidanka dubiya.

Ba a kwana gidan suruki, kowa ya sani. Saboda haka aka kai Asabe wurin 'yarta, ni kuma aka sauke ni a Zango, unguwar Hausawa, gidan wani dattijo Alhaji Mamman, wanda kakanninsa fataucin goro ya kawo su daga Kano. Yana jin daga inda na fito ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mini bawana Bazazzage har gida! A ɓoye cokula." Na ce, "Alhaji, ai tun da na ga an rubuta kuɗin ruwan alwala a fuskarka na san gidan Bakano na sauka." Daga nan muka ƙulla. Ɗakin da ya ba ni mai kyau ne, sai dai zafin garin ba irin namu ba ne. Namu ya gasa ka ya bar ka a bushe. Nasu dafa ka yake, ka yi wanka ka fito kana neman wanka. Da safe akwai koko da ƙosai kamar gida, da rana kuwa kafa, wato tuwon kamu da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da wani barkono da na riga na koyi gaishe shi daga nesa.

Wahalar abinci a gidan Nasiru take. In na je ganin jariri sai a kawo kwano a ajiye. Ni ba zan ci a gabansa ba, shi ba zai ci a gabana ba, ba kuma zai tashi ya bar ni ni kaɗai ba don kada a ce ya wulaƙanta baƙo. Sai mu zauna, shi a durƙushe a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ni a kan tabarma, kaza tana hucewa a tsakaninmu, muna tambayar juna lafiyar mutanen Saulawa ɗaya bayan ɗaya.

Asabe ce ta tsegunta mini damuwar gidan. A zauren karɓar baƙi na otal ɗin akwai wani akwatin gilashi na kifi, abin alfaharin mai otal ɗin, wata mata da kowa ke kira Madam. Mutumin da ke kula da shi ya koma ƙasarsu, ya tafi da wasu na'urorinsa, tun daga nan abin ya fara lalacewa. Madam ta damƙa wa Nasiru, ta ce in bai farfaɗo ba kafin bikin ɗanta, za ta kawo wani kamfani daga Lome da zai haɗa akwatin da aikin wuta da na famfo duka. Ke nan aikin Nasiru ya tafi, ɗakin da suke zaune a bayan otal ma ya tafi, ga ɗanyen goyo.

Na ce, "Me ke damun akwatin?"

Ta ce, "Wai ruwan ne ba ya motsi yadda ya kamata."

Jama'a, ku ji fa. Ruwa ba ya motsi, ga Haladu Mai Inji a gari yana zaman kallon kaza. Na miƙe na ce a kira mini Nasiru.

Akwatin nan ya fi gadon amarya tsawo. Ruwan ciki na gishiri ne irin na teku, garau, da fitila shuɗiya a sama, farin yashi a ƙasa. Kifayen kamar an kai su wurin mai rini: wani rawaya, wani shuɗi, wani ja da fararen ɗamara. A kan duwatsu kuma ga wasu abubuwa, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar kabeji, wasu kamar gashin masara. Nasiru ya ce murjani ne, dangin wanda mata ke sawa a wuya, kuma yana da rai. Dabba ce, ba tsiro ba. Ba ta tafiya neman abinci, ruwa ke kawo mata, ruwa kuma ke kwashe mata ƙazanta. In ruwa ya tsaya sai ta tsuke, ta rufe baki. Lallai kuwa duk sun tsuke, ga wata gansakuka ja-ja ta kwanta a lungunan duwatsu.

Na buɗe ƙasan akwatin na ga ƙaramin tanki da ɗan injin da ke mai da ruwa sama. Na sa hannu a bakin bututun. Na yi dariya. Na ce, "Nasiru, wannan ai ko fangalin albasa ɗaya ba zai shayar ba."

Ya ce, "Haka ne, Baba."

Ya ɗauko wani kwali a hankali ya buɗe. Wasu 'yan fankoki ne ƙanana, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba, da maganaɗisun manna su a jikin gilashi. Ya ce, "Dama waɗannan ne na ce ko..."

Na ce, "Mai da kayan wasan nan. Yaro, ni ina tura ruwa tun uwarka ba ta yaye ka ba. Inji ɗaya ake so, mai ƙarfi, a kafa shi a wannan kai ya kora ruwan zuwa wancan kai. Magana ta ƙare."

Ya ce, "Haka ne, Baba."

Ku fahimce ni. A wurinmu ruwa hanya ɗaya gare shi. Ka ɗauko shi daga rafi, ka kora shi ta babbar hanya, ya shiga fangali, shi ke nan. Ruwan da ya juyo baya, to wani ya yi barci a bakin aiki. Da wannan ilimin na ci abinci shekara da shekaru, da shi na aurar da 'ya'ya. Kuma duk "haka ne, Baba" da yaron nan ya faɗa, ni ji nake ya gamsu. Na manta da cewa ko cewa na yi rana daga yamma take fitowa, amsar ke nan.

Muka shiga kasuwa. Na zaɓi sumo, irin injin nan da ake jefawa cikin ruwa, na ƙarfe, mai nauyi. Nasiru ya yi ta shafa ƙeya, can ya ce, "Baba, ga na roba, ya fi sauƙin ɗauka." Daga baya na ji cewa ƙarfen da tagullar da ke jikin wanda na zaɓa guba ne ga murjani. Iyakar musun da ya iya yi mini ke nan, ya ɓoye shi a cikin tausayin bayana.

Da hantsi muka kafa shi. Na ɗaura tiyo, na saita bakinsa, na naɗe hannun riga don ma'aikatan otal su ga yadda ake aiki a Arewa. Na ce, "Bismillah, kunna."

Wallahi ban taɓa ganin guguwa a cikin ruwa ba sai ranar. Yashin nan ya tashi gaba ɗaya, akwatin ya koma kamar kunun kanwa. Kifin nan rawaya ya wuce ta gabana a kaikaice, idonsa a kaina. Sauran suka taru a wancan kai, ruwa ya manna su da gilashi kamar fasinjojin motar kasuwa. Murjanin da ke gaban tiyo ya kwanta rub da ciki, wani mai ƙahon barewa ya karye, dutse ya gangaro ƙwal a jikin gilashi, raina ya biyo shi. Ruwa kuma ya daki bango ya yi tsalle waje, ya wanke wani baƙo da ke zaune yana karanta jarida. Ni kuwa saboda taurin kai ina cewa, "Bar shi, bar shi, yanzu zai daidaita!" Nasiru ya bar shi. Sai da na ce da bakina "kashe" sannan ya kashe.

Sai ga Madam. Mace ce doguwa kakkaura, da tabarau mai ruwan zinariya. Ba na jin Faransanci, amma ranar na gane kowace kalma. Ta nuna akwati, ta nuna ƙasa, ta nuna baƙon da ke ɗiga, ta nuna Nasiru. Shi kuma ya matso ya tsaya tsakanina da ita, ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Ko sau ɗaya bai waiwayo inda nake ba. Ni da tiyo a hannu, rigata sharkaf, na yi ƙoƙarin in yi kama da wanda ya shigo tambayar hanya.

Da yamma Asabe ta same ni a ƙofar gida. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Malam, ka san abin da yaron nan ya ce wa matar? Cewa ya yi shi ya yi ɓarnar. Ta ce ba ta jiran biki, zuwa ƙarshen mako in ba ta ga canji ba su kwashe kayansu."

Na ce, "To me ya hana shi ya gaya mini ba haka ake yi ba?"

Ta ce, "Ya gaya maka? Kai ka taɓa ce wa babana a'a? Ranar da ya ce ka shuka gyaɗa a fadama ba shukawa ka yi ba, kana kallo ta ruɓe? Yaron nan ya yi wata yana tambayar masu abin, yana kallo a waya, ya san abin da zai yi. Kai ka zo da girmanka ka zauna masa a kai. 'Yarka tana ciki tana kuka, ita ma ba za ta iya gaya maka ba. Ni kaɗai ce a garin nan ba na jin kunyarka."

Washegari ban iya karyawa ba. Alhaji Mamman ya dube ni ya ce, "Bazazzage ya ƙi abincin kyauta? Tashi mu je ka ga teku, ko ka mutu ka ce ka gani."

Muka je. Ba zan ɓata muku lokaci da kwatance ba, ruwa ne da ba shi da ƙetare. Na tuɓe takalmi ɗaya ke nan ina son in taɓa da ƙafa, sai igiyar ruwa ta zo ta dake ni a gwiwa. Ina gyara tsayuwa, sai ta juyo ta ja ni ta baya, ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafata, na zauna daɓas. Takalmin da na tuɓe ya tafi. Can sai ga shi ya dawo, na miƙa hannu, ya sake tafiya. Ya yi gabas, ya yi yamma, ya juya a wuri ɗaya. Alhaji yana dariya har da riƙe ciki yana cewa, "Bi shi, Sarkin Ruwa, kora shi fangali!"

Ni kuwa a zaune cikin jiƙaƙƙen wando na daina jin sa. Takalmin nake kallo. Ruwan nan ba daga wani wuri yake zuwa wani wuri ba. Zuwa yake ya koma, ya taɓa nan ya taɓa can, faɗinsa da yawa, ba ya huda wuri ɗaya. A cikin irin wannan Allah ya halicci murjani. Ni kuma na je na sa masa tiyo a fuska kamar mai wanke tirela.

Da takalmi ɗaya na isa otal. Nasiru na ganina ya durƙusa. Na ce, "Tashi. Ka ga daga yanzu har a kira la'asar, ni ba surukinka ba ne. Na sauke. Lebura ne ni, sunana Haladu, an kawo maka ni daga tasha. In ka sake ce mini haka ne Baba, wallahi a gabanka zan zauna in ci abinci."

Ya kalli ƙafata marar takalmi. Ya ce, "Haka..." ya haɗiye. Ya yi gyaran murya. Can ya ce, "To... a ɗan riƙe mini wannan bokitin."

Da farko a hankali yake magana, kamar mai taka ƙaya. Da ya ga ban mutu ba sai bakin ya buɗe. Ya ce injin ƙasa ba aikinsa ba ne motsa akwati, aikinsa ya kai ruwa wurin tacewa ya dawo da shi, ƙarfinsa ya isa haka. Motsi aikin 'yan fankokin nan ne, don su ba sa harbi kamar tiyo, turawa suke da faɗi. Ya manna ɗaya a dama, ɗaya a hagu, suna fuskantar juna, don ruwan ya haɗu a tsakiya ya rikice. Ya haɗa su da wata 'yar na'ura mai sa wannan ta yi ƙarfi wancan ta lafa, sannan su yi musaya, ruwan ya riƙa zuwa yana komowa. Wata ya ɗaga ta sama tana kaɗa fuskar ruwa don iska ta shiga. Wata ƙarama ya ɓoye a bayan duwatsu. Masu ƙahon barewa ya mai da su sama inda motsi ya fi, masu taushi ya sauko da su inda ya lafa. Kuma babu fankar da ya bari ta kalli murjani kai tsaye, ko ta kalli yashi.

Kafin azahar yaron nan har ya fara cewa, "Ba nan ba! Matsa hagu. Hagu na ce!" Ni da ake kira daga ƙananan hukumomi uku, ina tsaye da bokiti ina cewa, "To, Oga."

Abu ɗaya na kawo, kuma ina so a rubuta. Ya tsaya yana tunanin yadda zai gane lungun da ruwa bai kai ba. Na ce a lambu ƙaiƙayi muke watsawa a hanyar ruwa, inda ya tsaya nan ne matsala. Ya ce ƙaiƙayi ba zai shiga akwatin nan ba, amma ya ɗebo ɗan garin abincin kifi ya barbaɗa. Muka sa ido. Ya yi yawo ko'ina, sai a wani lungu ta hagu ya kwanta. Ya ɗan karkata fanka ɗaya, lungun ya tashi. Ya ce, "Kai, wannan dabara ce!" Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Reshen da na karya ma ya manna shi a wani dutse, ya ce in an yi sa'a zai kama ya zama sabo.

Ana kiran la'asar, yana tsakiyar ce mini in ɗauke ƙafata daga kan waya, sai ya tsaya cak. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

Kafin ƙarshen mako murjanin nan suka fara buɗewa. Masu gashin masara suka miƙe suna rangaji, su yi nan su yi can kamar 'yan mata a dandali. Gansakukar ta fara ja da baya. Kifin rawaya ne kawai bai yafe ba, da ya hango hulata sai ya shige bayan dutse. Madam ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta yi wa Nasiru magana mai tsawo, ta dafa kafaɗarsa. Sannan ta juyo gare ni da murmushi, ta ƙara wata magana, ma'aikata suka sunkuyar da kai. Ashe tun ranar guguwa baƙon da na wanke ya gaya mata wanda ya riƙe tiyo. Na tambayi Nasiru me ta ce. Ya ce, "Ta ce aikin nawa ne, mu zauna a ɗakinmu. Kuma tana gaishe ka, Baba, ta ce an gode."

Na bar Asabe a can sai ta gama arba'in, amma ta rako ni tasha. Ina ta ba ta labarin yadda har matar da ba ta jin Hausa ta gane gwani in ta gan shi. Na ce ina ma tunanin in riƙa leƙowa duk bayan girbi ina duba musu akwatin, tun da yanzu na san kansa.

Asabe ta gyara mayafi ta ce, "Ai kuwa ta yi maganar zuwanka. 'Yarka ta gaya mini abin da ta ce, Nasiru kunya ce ta hana shi ƙarasawa."

Na ce, "Madalla. Me ta ce?"

Ta ce, "Cewa ta yi duk ranar da za ka sake zuwa a gaya mata da wuri, ta kwashe kifayen ta kai su gidan ƙanwarta."